Abdulra'uf da ruwan da kotu ta ƙi raɗa wa suna

Ranar Laraba, biyar ga Nuwamba 2025, bayan azahar, 'yarka Nada ta kira ni ta ce, "Baffa, Abuya ya cika," wato babanta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka rasu a gidanka na Alsawra a Omdurman, Ustaz Abdulra'uf, shekara goma sha shida bayan ka shigar da ƙarar da har yau ba a yanke mata hukunci ba. Abu ɗaya ka nemi kotu ta faɗa: ruwan da ke fitowa tare da ɗanyen mai, mene ne shi a wurin doka? Ka tafi ba a ba ka amsa ba. Wannan ne ke ci mini rai, kuma ba zan haɗiye shi don ana zaman makoki ba.

Ga wanda bai san zancen ba, rijiyar mai ba mai kaɗai take fitarwa ba. Ruwa mai yawa ke biyo shi daga ƙarƙashin ƙasa, da gishiri da ragowar mai da magungunan haƙa. Wani kamfani a yankin Kordofan na Sudan ya riƙa tara wannan ruwa a manyan kududdufai kusa da Hillat Muhajir, ƙauyen danginmu da kakanninsu suka yada zango a hanyar hajji. Babu shinge, babu abin da aka shimfiɗa a ƙasan ramin. Shanu suka sha suka fara ɓari. Rijiyoyin ƙauyen guda biyu suka yi zartsi.

A gindin bishiyar mai shayi a unguwar Alshajara ka warware mini maganar. Ka ce, "In kotu ta kira shi shara mai cutarwa, dole kamfani ya killace shi ya ɗauki alhakin ɓarnar. In ta kira shi tataccen ruwa, to kyauta aka yi wa mutanenmu, sai mu je mu yi godiya." Kamfani ya ce ruwa ne. Wannan ofishin gwamnati ya ce zancen mai ne, wancan ya ce zancen muhalli ne, alƙali ya yi ta ɗage zama yana jiran su shirya.

Yanzu zan faɗi nawa laifin, tunda kai ka ƙi faɗinsa. Shekara guda kafin ƙarar, Malam Shitu limamin ƙauyen ya aiko mini da tambaya, domin na karanta fiƙihu a jami'a kuma mutanenmu suna ɗaukar amsata hujja. Ya ce ruwan yana da gishiri da ɗan warin farar wuta, ko ya halatta a yi alwala da shi? Na amsa daga littafi: ruwan da ya canja saboda abin da ke mazauninsa, kamar gishiri ko farar wuta, yana nan da tsarkinsa. Ban je na gani ba. Ban tambayi abin da aka zuba masa ba. Na sa hannu har da hatimi. Malam Shitu ya karanta takardar bayan Juma'a, kuma ka san mutanenmu, ruwan da ya yi alwala ya yi wanki, ya yi shayar da dabba.

Takardar nan ce lauyan kamfani ya ɗaga a gaban alƙali, ya ce ga malaminsu da kansa ya shaida tsarkin ruwan. Ina zaune a bayanka. Ba ka waiwayo ba. A motar haya muna komawa Kalakla, unguwarmu ta lokacin, na kasa haɗa ido da kai, sai ka miƙo mini dabino ka ce, "Ya zol, mutumina, tsarki aka tambaye ka, tsarki ka amsa. Ba kai ka haƙa ramin ba." Da ka zage ni ranar nan da na fi samun sauƙi.

Ba zan manta da kwalbar da ka ajiye a kan teburinka ba, cike da ruwan kududdufin. Duk jami'in da ya zo da zancen sasantawa sai ka tura masa ita ka ce, "Bismillah, ruwa ne ai." Ba wanda ya taɓa buɗe ta. Kuma duk lokacin da za a zauna kotu, mutanen Hillat Muhajir a ɗakin baƙinka suke sauka, matarka Hajiya Zuwaira ta tuƙa musu tuwon asida. Tsohuwa Hajaratu, wadda saniyarta ta ƙarshe ta mutu da ciki, takan tambaye ka, "Ɗana, yau sun faɗa?" Kai kuma ka durƙusa ka ce, "Uwa, sai wata mai zuwa." Ta riga ka tafiya da shekara huɗu.

Sai yaƙi ya zo. Da aka samu komawa Khartoum na raka ka ofishinka, muka tarar da toka inda takardun ƙarar suke. Waɗanda suka yi ta ɗage zama sun tsallake da iyalansu tun farkon harbi. Kai ka zauna a Omdurman ƙodarka tana lalacewa. Ziyarata ta ƙarshe, a watan jiya, ka ce in kawo alƙalami mu sake rubuta ƙarar daga ka. Na ce sai ka warke.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya shayar da kai daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ina yi wa Hajiya Zuwaira da Nada da Mahir da sauran dangi ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙuri. Mutanen Hillat Muhajir kuwa, su na fi yi wa, kuma ina roƙonsu gafara.

Shanunsu sun ƙare, rijiyoyinsu biyu sun mutu, takardun ƙarar sun ƙone. Mutum ɗaya da ya haddace abin da ke cikinsu, shi muka binne ranar Laraba.