Ƙofa Ɗaya, Benci Ɗaya: Shekara Bakwai da Rasuwar Yaya Rabi

Shekara bakwai ke nan da muka rufe Yaya Rabi a nan Agege, inda aka haife mu ni da ita. Allah Ya ji ƙanta. Na so in yi muku rubutun addu'a kawai, amma raina a ɓace yake.

Ga wanda bai san ta ba, likitar ƙwaƙwalwa ce, tun zamanin da mutanenmu ke cewa mace ba ta da zuciyar wannan aiki. Bayan ta yi ritaya, kowace Alhamis takan duba marasa lafiya a zauren gidanmu. Tsarinta ɗaya ne, ba ta taɓa sassauta shi ba: ƙofa ɗaya, benci ɗaya. Mai hawan jini, mai ciwon suga, da wanda ke jin muryoyi a kansa, duk nan suke jiran layi. Kowa ya shiga sai ta fara auna jininsa, don in ya fito yana warware hannun riga, ba mai sanin abin da ya kawo shi.

Da manyan unguwa suka zo neman shawararta kan gina asibiti, ba ta kalli zanen da suka kawo ba. Cewa ta yi, "Alhaji, ku zo ranar Alhamis ku zauna a bencin nan tukuna. Wanda bai taɓa jiran layi yana tsoron a gan shi ba, bai kamata ya tsara wa marar lafiya hanyar shiga ba." Suka yi dariya, suka ce Dakta akwai barkwanci. Ko ɗaya bai zo ba.

To, bana an gama asibitin, har da sunanta a goshinsa. Amma an yi masa ƙofa ta biyu ta bakin titi, daidai inda 'yan okada, wato 'yan acaɓa, ke tsayawa, an kafa allo: Sashen Masu Taɓin Hankali. Shugaban kwamitin asibitin ya ce mini, "Hajiya, girmama aikin yayarki muka yi."

Akwai wani mahauci a abatuwa, zan kira shi Malam Iro, ba sunansa ba ne. Yaya ce ta ɗora shi kan magani, ya samu lafiya sarai muddin yana sha, ya aurar da 'ya'yansa da wuƙar nan tasa. Makon jiya na hango shi ya sauko daga motar haya ta danfo, ya nufi asibitin. Ya tsaya, ya karanta allon, ya dubi 'yan okadan da ke gaishe shi da "Oga Iro", sai ya wuce kamar mai tafiya masallaci. Wa zai sayi nama a hannun mutumin da aka gani ya shiga ƙofar nan da wuƙa a kugu? Matarsa ta zo mini shekaranjiya. Maganinsa ya kusa ƙarewa, ya daina barci, ita kuma ta fara ɓoye wuƙaƙen gida. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Me Yaya za ta ce in ta ga wannan? Na san ba za ta yi dogon jawabi ba. Sunanta za ta fara sa a cire.

Ni ba likita ba ce, atamfa nake sayarwa. Amma bencin yana nan a zaurenmu, ƙafarsa ɗaya da ɗauri. Ranar Asabar kwamiti zai zauna, kuma zan sa a kai bencin a gicciye shi a bakin ƙofar nan ta biyu, in zauna a kai. Mai son buɗe ta sai ya fara ɗaga ni.

Da matar Iro za ta tafi, ta tsaya a zaure ta shafa bencin. Ta ce, "Anti, a nan ya zauna shekara da shekaru, ni kaina sai da ya gaya mini na san abin da ke kawo shi."