Awa Goma a Bakin Titin Harlem

Da la'asar a unguwar Harlem, wani dattijo yana zaune cikin ƙaramar motar kaya. Yana cin dambu da cokalin roba, idonsa na kan na'urar da ke ƙirga masa awannin tuƙi.

Na ce, "Baba, mota ce ta lalace?"

"Lafiyarta ƙalau, ɗana. Daga Kanada nake, awannina suka ƙare a nan. Doka ta ce sai na huta awa goma, kayan mutane kuma ba a barinsu a titi."

A bayan kujerarsa farar shadda na rataye, ta sha guga. Ya ce ta zuwa sunan jikansa ce, yau ake yi. Ya miƙa hannu ya gyara mata wuya, ya koma kallon na'urar.