Malam Kalilu da Gwangwanin Shinkafarsa

Da hantsi Malam Kalilu yake buɗe rumfarsa a unguwar Nasarawa, cikin Birnin Kebbi. Ya share gaban rumfar, ya jera lasifikun da aka kawo masa, sannan ya ajiye wani ɗan gwangwanin tumatir cike da shinkafa a damansa. Baƙo yakan ɗauka tattabaru yake kiwo. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan zama.

Aikinsa hana tsohuwar lasifika mutuwa. Ya kwance ta, ya kakkaɓe gidan zanzaro, ya sake naɗa wayar tagulla siririya kamar gashi, ya liƙe inda ya yage. In zai mayar maka, sai ya ɗaure bakinta da guntun gidan sauro, ya ce ka kafa ta a ɗan sunkuye don kada ruwan sama ya shiga. Wanda ya ƙure mata ƙara har ta fara kakari kuwa, ranar zai sha faɗa, ko da liman ne.

Shinkafar ta gwaji ce. Yakan zuba ƙwaya bakwai a kan faifan da ke rawa cikin lasifikar, ya kunna. In suka yi tsalle bai ɗaya, aiki ya yi. In suka taru gefe guda, akwai inda waya ke gogawa. Mutane sun ɗauka burga ce ta tsohon gwani. Har zuwa bara, matarsa Kulsumi kaɗai ta san cewa shekara huɗu ke nan kunnensa na tafiya, sana'ar da ta ciyar da shi ita ta cinye masa ji. Yana karanta leɓe, abin da ya kuɓuce masa ya ce, "Madalla." Har wanda ya gaya masa akuyarsa ta mutu ya sami madalla. Ya ɓoye ne don ya san ba mai kai wa kurma gyaran sauti.

Bara da damina Munzali, ladanin wata tunga a bakin gulbi kusa da Argungu, ya iso a kan babur da lasifika cikin buhu. Gonakin shinkafarsu suna ƙetaren ruwa, inda wayar hannu ba ta kamawa. In gulbi ya fara cika, da wannan lasifikar ake kiran manoma su dawo.

"Baba Kalilu, ruwa na tahowa, mutanenmu na ƙetare," in ji Munzali. "In ba ta tashi ba, ba mu da abin kiransu."

Kwana biyu ya yi a kanta. Shinkafa ta yi tsalle yadda ake so. Munzali ya fara naɗe buhu, sai tsohon ya riƙe masa hannu.

"Tsaya, ɗana. Ni hwa ban ji, na daɗe ban ji. Shinkahwa ta ce ta yi, amma shinkahwa ba ta san hwaɗin gulbi ba. In nac ce maka muryar ga za ta kai ƙetare, na yi ƙarya. Mu tahi in gani da idona."

Ya faɗi haka a gaban maƙwabtan rumfa uku, ya kuma san kafin la'asar kasuwa ta ji.

A tungar, bayan azahar, aka ɗaure lasifikar a kan falwaya. Munzali ya yi shela: duk wanda ya ji, ya ɗaga malafarsa. Malam Kalilu ya dafa falwayar, ya ji karkarwarta a tafinsa, ya zuba wa ƙetare ido. Malafa ɗaya ta tashi, sai biyu, har goma sha ɗaya. Can ƙuryar fadama akwai mutum guda a duƙe, bai motsa ba. Mutanen tunga suka ce ai ya wadatar. Tsohon ya ƙi. Ya sa aka karkata bakin lasifikar da taƙi guda, aka sake kira. Mutumin ya miƙe, ya ɗaga tasa.

Bayan kwana tara ruwa ya zo. Aka yi kira, duk wanda ke ƙetare ya dawo cikin kwalekwale.

Labarin kunnen ya bazu, aiki ya ja baya kamar yadda ya zata. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar.

Malam Kalilu, kai ne ka zaɓi sana'arka ta mutu a kan a bar mutum ɗaya a ƙetare. Gwanin tsofaffin lasifiku, mun gode, kuma da baƙin ciki muke ganin ka tashi. Masu gyara na garin nan, ku koyi faɗin iyakar abin da kuka sani tun kafin a tambaye ku.

Wannan jinjina ko da lasifika aka karanta ta, ba zai ji ba. Wanda ya bi ta Nasarawa kafin wata ya ƙare, kada ya wahalar da bakinsa. Ya tsaya gaban rumfar ya ɗaga hularsa, Malam Kalilu yana gani.