Hantar da Yaya Umaru Ya Hana a Kai Bakura

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Dakta Umaru. Ya cika ranar wata Alhamis, jim kaɗan bayan sallar la'asar, a gidanmu na gado da ke Talata Mafara. Mu uku ne a ɗakin: matarsa Hajiya Rabi, da 'yarsa Asma'u, da ni. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Aikinsa a jami'a shi ne bin sawun magani bayan ya shiga jiki. Yana binciken inda magani ke zuwa, da yadda hanta ke narka shi, da yadda ƙoda ke fitar da shi, da kwanakin da yake yi kafin ya bar jiki, da kuma inda yake daina zama magani ya koma guba. Ya shafe fiye da shekara talatin a kan haka, a jikin dabba da na mutum. Abokan aikinsa sun fi ni sanin wannan. Abin da na sani shi ne yadda ilimin ya shigo gidanmu, domin bai shigo da sauƙi ba.

Mu 'ya'yan mahauci ne. Mahaifinmu, Baba Alhaji, ya gaji fawa, kuma ana ganin girmansa a cikinta. Lokacin da ake ginin dam ɗin Bakolori, gari ya cika da leburori da direbobi, nama yana tafiya fiye da da. Ruwa ya ci wuraren kiwo ta wajen Maradun, shanu suka koma bakin magudanai, cuta ta yawaita a cikinsu. A daidai lokacin ne allurar shanu ta fara shiga hannun kowa. Mai saniya in ya ga ta kwanta sai ya yi mata allura. In kwana biyu ba ta tashi ba, ya yi maza ya sayar wa mahauci kafin ta zama mushe. Babu wanda ya ga aibu a ciki. An yanka da bisimilla, halal ce.

A gidanmu kuma akwai al'ada. Duk 'yar gidan da ta haihu, hantar saniyar da Baba ya fara yankawa tata ce, a gasa mata ta mayar da jini. Ƙanwarmu Hadiza ta yi haihuwa ta biyu a ɗakin mijinta a Bakura, Yaya Umaru kuma ya zo hutu. Da hantsi muka tarar da Baba a mahauta ya ware hanta a faranti, ya ce in kai. Yaya ya duba wuyan saniyar, ya ga inda aka yanke tsoka aka yar.

"Baba, wagga saniya an yi mata allura?"

"An yi, shekaranjiya. Ba ka ga na yanke wurin ba?"

"To, don Allah kar a kai wa Hadiza hantar nan."

Baba ya aje wuƙa. "Mi ka ce? Shekara arba'in ina fawa, ban taɓa ciyar da Musulmi mushe ba. Yau ɗiyata zan ciyar?"

"Ba mushe ba ce, Baba, halal ce. Amma maganin a hanta yake taruwa. Abin da Hadiza ta ci, jinjiri zai sha."

Wani abokin sana'ar Baba, Ɗan Ige, ya ɗaga murya: "Jama'a ku taho! Likitan ɓeraye ya zo koya ma mahauci nama!" Mahauta ta ɗauki dariya. Baba ya tura farantin gaban Yaya ya ce, "Ɗauki. Kai wa kwalabenka su ci."

Ya ɗauka kuwa. Ya sa yanki a ƙanƙara ya koma da shi ɗakin gwaji. Daga baya shi da kansa ya gaya mini cewa maganarsa daidai ce, wurin ne ba daidai ba. Ba a gyara wa mahauci nama a gaban mahauta, balle in shi ya haife ka. Tun ranar Baba bai ƙara ce masa komai ba bayan amsa gaisuwa, har wata huɗu. Yaya ya rame a wannan tsakanin. Abin da ya fi tsoro shi ne Baba ya bar duniya yana ganin karatun da ya sa shi ya zama abin kunyata shi.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga kasuwanninmu na yau. Allura da ƙwayoyin dabbobi a baje suke a kan tabarma daga Talata Mafara har Bakura, mai saye ba ya tambaya, mai sayarwa ba ya bayani. Wannan zai ɓata masa rai. Amma zai ji daɗin cewa ɗalibansa suna koyarwa yanzu, kuma a layin mahautanmu akwai matasan da ke shafa wuyan saniya su nemi kumburin allura kafin su yi ciniki. Mafi yawansu ba su san inda abin ya samo asali ba.

Ga inda ya samo. Yaya ya rubuto wa Baba wasiƙa da Hausa, ba kalmar Turanci ko ɗaya. Ya fara da neman gafara a kan abin da ya yi a mahauta, sannan ya faɗi ragowar maganin da ya gani a hantar, da kwanakin da ya kamata a jira bayan allura kafin a yanka. Ni na karanta wa Baba a zaure. Da na gama na fara naɗe takardar, sai Baba ya ce:

"Kwana nawa ya ce a jira?"

"Sati huɗu, Baba, in allurar nan ce mai ruwan ɗorawa."

Talatar da ta biyo Baba ya sayi saniya daga wani mutumin garin Kaya, wadda aka yi wa allura. Maimakon mahauta, sai ya sa aka kai ta bayan gida aka ɗaure a turke. Ya sami igiya ya yi mata ƙulli ashirin da takwas, kowace safiya ya kwance ɗaya. A kwana na takwas saniyar ta daina cin abinci. Ɗan Ige ya zo da wuƙarsa a hannu.

"Alhaji, yanka ta yanzu. Gobe ko fata ba ka tsira da ita cikin daɗi."

"Akwai sauran ƙulli," in ji Baba.

Washegari da hantsi ta mutu. Aka ja ta bayan gari aka binne, gari yana kallo. Na ɗauka magana ta ƙare, kuma Yaya ya rasa Baba ke nan. Da la'asar Baba ya kira ni ya ce, "Ka aika ma Dakta ya taho gida. Ina son in ji ta sauran allurorin." Ranar ce ya fara kiransa Dakta.

Takardun da Yaya Umaru ya rubuta suna ɗakunan karatu, masu fannin ne za su auna su. Abin da ni zan iya aunawa ƙarami ne: tambaya ɗaya da ta shiga sana'ar gidanmu, "Yaushe aka yi mata allura?" Ba kowane mahauci ne ke yin ta ba, amma ba a ƙara yi wa mai yin ta dariya.

Baba ya ƙara shekara tara yana fawa bayan wannan. Shanu biyu suka sake mutuwa a turkensa suna jiran kwanakinsu, kuma bai sa wa ko ɗaya wuƙa ba.