Rabin Shagon Inci

Sunansa na yanka ya ɓace tun yana koyon ɗinki a gaban mahaifinsu. Inci ake ce masa, saboda tef ɗin awo ba ya sauka daga wuyansa, kuma ba ya iya kallon abu bai auna shi ba. Ya san maɓalli nawa ya rage a kowace kwalba. In ka kawo masa yadi biyar ya ce huɗu da rabi ya isa, to ya isa, har zai naɗe maka ragowar ka tafi da abinka.

Yayansa ma a kan keken ɗinkin mahaifinsu ya fara, amma hannunsa bai karɓi allura ba, sai ya koma aski. Da mahaifin ya rasu, shago ɗaya ya bar musu, dogo, ƙofa ɗaya, babu taga. Innarsu ce ta raba: rabi da rabi, kuma kada ta ƙara jin zancen. Yaya ya ɗauki gaba, wajen ƙofa, wai aski sai da haske. Inci ya samu ƙurya da ƙwan fitila ɗaya.

Zancen kuwa bai mutu ba. Yaya na son ƙara kujerar aski ta biyu, kuma ba inda za ta zauna sai inda keken ɗinki yake.

"Ga baranda can a waje, iska ta ko'ina," in ji shi yana kaɗe tawul. "Teloli nawa ke ɗinki a baranda? Kai ɗan wa ne?"

"Ɗan wanda ya haife ka, Yaya. A rabina nake zaune."

Daga nan teburin Yaya ya koyi tafiya. Inci zai zo da safe ya ja tef daga bangon ƙurya zuwa ƙafar teburin, ya tarar an ci masa inci biyu. Ya tura shi, gobe ya tarar an ci huɗu. Ya ja layi da allin ɗinki, Yaya ya share shi tare da gashin mutane, gashin kuma ya taro shi gindin keke. Sai Inci ya gane iyakar da tsintsiya ba ta gogewa yake bukata.

Launin fentin da zai yi iyakar da shi a gidan wata mata ya gan shi, ranar da ya kai mata labule. Ba shuɗi ba ne, ba kore ba ne, yana tsakani, mai duhu da zurfi kamar wuyan namijin agwagwa. Ya tsaya a falon yana kallo har matar ta yi gyaran murya. Washegari ya tsaya a kan mai fenti aka haɗa masa: gwangwani biyu na shuɗi, ɗaya na kore, baƙi kaɗan, a juye a bokiti guda don kada wani bango ya fi wani. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya lissafa shafi uku, kuma lissafin bai saɓa ba, ko ludayi bai yi saura ba.

Ya jira ranar da Yaya ya tafi gaida surukai. Ya ɗaura zare daga wannan bango zuwa wancan, daidai tsakiyar shago, ya shafe rabinsa kaf, har silin, har ya ja layi mai kauri a kan siminti.

Yaya ya dawo ya tsaya a ƙofa da makulli a hannu.

"Mene ne wannan?"

"Fenti."

"Ai na ga fenti. Wa ya mutu? Ko gansakukar kwata ka kwaso ka liƙa wa shagon Baba?"

"Rabin shagon Baba. Duba layin, ko ɗigo bai tsallaka ba."

Bai tsallaka ba, amma madubin Yaya bangon ƙurya yake kallo. Mutum na farko da ya hau kujera ya daɗe yana duban fuskarsa, sannan ya ce, "Mai Aski, ka ga kamar ba ni da lafiya ko?" Na biyu ya tambaya ko madubin ne ya lalace. Yaya ya ajiye injin aski ya tafi wajen Inna da zafinsa. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Rabinka ya shafa ko nasa?" Shi ke nan shari'ar.

Inci ya sha iska a kwanakin nan. Teburi ya daina tafiya. 'Yan mata masu karɓar ɗinki suka riƙa tsayawa jikin bangon suna ɗaukar hoto, shi kuma yana ƙirga su da ƙarfi don Yaya ya ji.

Abin da bai auna ba shi ne haske. Wani malamin asibiti ya kawo yadi ruwan madara a yi masa riga da aiki a wuya da bakin aljihu. Inci ya ɗora zare a kan yadin a ƙarƙashin ƙwan fitilarsa, ya ga sun yi daidai, ya zuba aiki mai kyau. Malamin ya zo ya karɓa, ya nufi ƙofa, yana isa hasken titi ya tsaya cak. Zaren ruwan hoda ne, ya fito sarai a wuyan rigar.

"Tela, ni ka ɗinka wa wannan ko ƙanwata?"

Yaya ya kashe injin aski don dariyarsa ta fita sosai. "Ka yi haƙuri, Malam. A cikin rijiya yake ɗinki yanzu."

Inci ya farke aikin ya sake. Bayan nan ya ɗinka wando shuɗi da baƙin zare. Ya ƙara ƙwan fitila uku, bangon ya haɗiye su, sai zafi da suka ƙara masa. Dole ya koma ɗaukar kowane yadi da zarensa zuwa bakin ƙofa ya gwada. Yaya ya bar shi ya yi haka sau da yawa, sannan wata safiya ya gitta tsintsiya a kan layin.

"Ina za ka?"

"Zare zan duba."

"Da hasken wa? Wannan hasken a rabina yake. Hanyar fita na ba ka, ban ba ka wurin tsayawa ba."

"Haske ma naka ne, Yaya?"

"Bango ma ai naka ne. Kana son farin fenti, ni zan saya maka. Sai dai mu je gaban Inna ka ce hauka ka yi."

Inci ya dubi bangon. Har a lokacin yana burge shi, kuma ya fi son ya haɗiye allura da ya faɗi wannan magana a gaban Inna. Amma malamin asibiti bai dawo ba, mai wando ma haka, kuma wannan lissafi ne da ba ya bukatar tef. Ya kwance bel ɗin keke, ya ja keken a kan siminti yana ƙara, ya ratsa rabin Yaya ya fitar da shi baranda.

"Na ɗan lokaci ne," in ji shi, ba tare da an tambaye shi ba.

A waje zare ya koma kalarsa, ɗinki ya dawo daidai. Kafin mako ya zagayo wasu mutum biyu suka sauke sabuwar kujerar aski daga kura, suka raɓa ta gefen kekensa suka shiga da ita. Inci ya miƙe da almakashi a hannu.

"Yaya, wannan rabina ne."

"Bangonka na nan, ba wanda zai ɗauke maka," Yaya ya amsa daga ciki. "Ku matsa da ita ƙurya sosai."

Wata mata na tsaye da yadi a hannu tana jiran awo, ta ce ko ta dawo wani lokaci. Inci ya ajiye almakashin, ya ce mata ta ɗaga hannu.