Nafi'u da Dutsen da Yake Hawa da Babur

Shekara goma sha takwas ke nan da rasuwar ƙanena Nafi'u, amma har yau in na ji an murɗa wa babur wuta a bayan gari, sai in tsinci kaina a tsaye. Bana abin ya fi damuna. Na zauna rubuta wannan shafi na tashi, na sake zama na sake tashi.

Mu 'ya'yan malami ne a Madachi. Mahaifinmu, wanda har mu ma Malam muke ce masa, ya so dukanmu mu gaje shi. Ni na zama malamin makaranta. Nafi'u ya yi sauka, ya jingine allo, ya tafi Rano koyon gyaran babur.

A can ne, farkon dawowar mulkin farar hula, wani direban babbar mota ya kawo kaset gidan kallo. Tsohon hoto ne, baƙi da fari, na tseren babura na ƙasa da ƙasa tun ana farkon fara shi a Turai. Ba kan kwalta suke yi ba. Cikin taɓo suke kutsawa, su haura tudu, su tashi sama su dira, mutum ya faɗi ya miƙe ya sake hawa. Jama'a suka yi dariya suka watse. Nafi'u ya roƙi a mayar masa da shi farko. Da aka ƙaddamar da Shari'a, mai gidan kallon ya koma sayar da hatsi, ya bar masa kaset ɗin.

"Yaya," ya ce da ni, "baburansu fa ba su fi namu ba. Kuma tudu da kwazazzabo, ai mu muke da su."

Ya kwance duk abin da ke ƙara wa baburinsa nauyi, ya sa tayoyi masu manyan haƙora. Bayan girbi, shi da abokansa 'yan acaɓa suka share hanya daga gindin wani dutse, ta haura, ta gangaro, ta ratsa rafi ta dawo. Mahaya suka riƙa zuwa daga Zurgu da Lausu, har daga Kibiya. Babu kofi, babu kyauta. Wanda ya riga isowa sai a ɗaga shi sama ana ihu. Na je sau da yawa, kuma duk zuwa sai na rufe ido in ya doshi gangaren.

Lokaci ne da kowa ke maganar gyaran tarbiyya, don haka ba a daɗe ba aka kai ƙara zaure: ɗan malami yana tara matasa suna wasa da rayukansu. Malam ya kira shi a gabana.

"Rai amana ne, ba naka ba ne. In ka ƙara hawa dutsen nan, kada ka ƙara zama a tabarmata."

Nafi'u ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Malam." Ya daure rani guda. Rani na gaba ya koma dutsen. Daga nan kullum da safe zai durƙusa a bakin zaure ya gai da Malam, a amsa masa a taƙaice, ya tashi.

Ba dutsen ne ya kashe shi ba. Lokacin kamfe aka ɗebi 'yan acaɓa su raka ayarin wani ɗan takara. Nafi'u ba ya son irin wannan hayaniya, amma matarsa na da tsohon ciki, ga buƙatar kuɗi, sai ya bi. A kan hanyar Kibiya, kan kwalta shimfiɗaɗɗiya, wata motar ayarin ta ƙwace ta bi ta kansu. Kafin a kai shi asibiti ya cika.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da yau. Yanzu matasa a waya suke kallon tseren da shi sai da ya roƙa a nuna masa, amma ba wanda ke fita ya gwada. Babur kansa ya zama abin zargi. A wasu dazuzzukan Arewa, in an ji ƙarar babura da yawa, gudu ake yi. Zai yi fushi? Zai yi dariyarsa ya ɗauko sifana ya hau gyaran babur? Ban sani ba, kuma rashin sanin ne ke hana ni sukuni.

Me ya rage nasa? Hanyar ta koma gonar dawa. 'Yar da bai gani ba ta girma, da idanunsa sak. Mahayan da ya koya wa ratsa rafi, su ake nema da damina in za a fitar da mara lafiya daga ƙauye.

Sai kuma abu ɗaya. Shekara guda kafin Malam ya rasu, ya ce in kai shi wurin. Muka tsaya a gindin dutsen, yana dogara sanda, ya daɗe yana kallon gangaren.

"Nan yake hawa?"

"Nan ne, Malam."

Sai ya ce, "Ana gobe zai rasu, ya durƙusa ya ce in zo in gani ko sau ɗaya, in ban yarda ba ya bari har abada. Na ce masa sai wani jiƙon."

Ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a. Allah ya jiƙan su duka biyun.