Abin da Gwadabe Mai Hoto Ya Goge

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Tudun Wada ya san shagon Gwadabe Mai Hoto. An haife shi a wani ƙauye da yanzu yake ƙarƙashin ruwan dam ɗin Tiga, yana goye aka kwashe su. A Bebeji ya koyi sana'a, ya dawo ya kafa tasa. Ba a ɗaukar hoto ya yi suna ba, a gyara ne. Zamanin fim da ɗan siririn burushi yake bin fuska, da kwamfuta ta zo sai abin ya zame masa shan ruwa. Ƙuraje, kyasbi, tabo, baƙin ƙasan ido, ba sai ka roƙa ba. Hannunsa da kansa yake zuwa wurin.

Matarsa Laraba suyar kifi take. Tun tana budurwa mai ya fallatsar mata, ya bar mata tabo kamar ƙwayar gyaɗa a saman kunci. Ba ta taɓa cewa a cire ba, amma duk sallah in ya ɗauke ta sai ya share shi tas. Takan karɓi hoton ta ƙura masa ido.

"Malam, wannan kyakkyawar 'yar wane gari ce? In ka gan ta ka ce ina gaishe ta."

Kuma ba ta yarda a ɗauke ta da waya. Ko a gidan biki aka ɗaga waya sai ta ja mayafi. "Mijina mai hoto ne. Ni ba a ɗaukata a tsaitsaye."

Da wayoyi suka cinye sana'ar, shagon ya koma majalisa. A nan Malam Hafizu, sa'ansa da ke koyar da labarin ƙasa a sakandare, ya nuna masa wani shafi a intanet. Akwai wani kumbo mai suna Juno da ke kewaya duniyar Jupita, wadda malamai ke kira Mushtari. In ya gifta kusa da watanninta yakan ɗauko hotuna, a zuba su ɗanyu a shafin, kowa ya sauke ya haɗa da kansa.

"Ɗanyu kamar yaya?"

"Sala-sala suke zuwa, ja daban, kore daban, shuɗi daban. Aikinka ne wannan, Gwadabe, tunda mu dai mun daina zuwa ka yi mana ƙarya da fuska."

Ya shiga kamar wasa, abin ya kama shi. Ya koyi jera salolin baki da baki, ya koyi ƙara haske a hankali har abin da ke ɓoye a duhu ya leƙo. 'Yan kasuwa suka laƙaba masa ɗan sama jannati. Ranar da ya gama haɗa Yuropa, ɗaya daga watannin Jupita, fari mai jajayen layuka, gida ya kai wa Laraba.

"Wannan ai ƙwaryar furata ce da ta tsage," in ji ta. "Shi ne ka kwana uku a kai? Da ka tambaye ni na ara maka."

Da damina Laraba ta kwanta ciwo, kwana tara, Allah ya yi mata rasuwa.

Bayan wata biyar 'yarsu Hamdiyya, da ke aure a Kiru, ta zo neman hoton da za ta rataye a ɗakinta. Ya zube mata su a kan tabarma, sun fi talatin. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, babu wanda tabon ya fito?"

"Wane ne zai rataye tabo a bango?"

"Ni. Jiya na rufe ido ina son in gan ta, sai wannan ta hoton nake gani. A wane kuncin ma yake, Baba? Dama ko hagu?"

Shekara talatin yana zaune gabanta suna cin tuwo. Ya ɗaga hannu ya taɓa kuncinsa na dama, ya mayar hagu, ya ce mata shayi yana hucewa. Fina-finan dā gara ta cinye su tun tuni. Na kwamfuta kuwa, kullum a kan na asalin yake ajiye gyararren.

Bai faɗa wa kowa ba, ya dai ƙara nutsewa cikin hotunan watannin Jupita.

A watan Fabrairu kumbon ya gifta kusa da Iyo, wani wata mai ruwan ɗorawa, duk jikinsa ɗigo-ɗigo kamar wainar da ta sha wuta. Gwadabe ya wuni biyu yana haɗa shi. A can gefen watan, inda haske ke ƙarewa, ya ga wani ɗan dishi-dishi ya ɓullo cikin baƙin sarari, kamar yatsa mai maiƙo ya taɓa gilashi. Bai ma yi tunani ba. Ya share shi, gefen ya fita sumul, ya buga babba ya manna a ƙofar shago.

Ranar kasuwa Malam Hafizu ya faɗo shagon da waya a hannu, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Ka ga abin da masu haɗa hoton nan suke ta magana a kai? Dutse ne ke aman wuta, tururinsa ya tashi sama har kyamara ta kama shi a gefe! Mu ga naka."

Ya fita ya dubi ƙofa, ya dawo a hankali.

"Ina yake?"

"Na zaci datti ne."

"Datti! Gwadabe, Allah ya nuna maka dutse yana amai a wata duniya, ka sa tsumma ka goge?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya dubi fuskar abokinsa, sai ya sassauta. "Kai, ba komai ba ne fa. Ɗanyen yana nan a shafin. Sake saukewa kawai za ka yi."

"Na wannan yana nan," in ji Gwadabe.

Washegari ya rufe shago ya hau motar Doguwa, wurin Lubabatu, ƙanwar Laraba. Ya tarar da ita tana sussukar masara.

"A'a, mijin Yaya! Yau daga sama aka sauko, ko mota aka hau kamar talakawa?"

Bayan sun gaisa, sun yi wa mamaciya addu'a, ya tambaye ta kuncin da tabon yake.

"Dama ne," ta ce nan take. Sai ta ajiye taɓarya. "Tsaya. In tana suya ina zaune ta wajen ƙofa, shi nake gani. To ƙofar tana... Kai, Yaya Gwadabe, me ya sa za ka yi mini haka da rana tsaka?"

Ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta fito da wata tsohuwar jakar hannu da aka ba ta cikin kayan Laraba, ta zaro katin zaɓe. Nan ne kaɗai wani ya taɓa ɗaukar Laraba ba mijinta ba. Hoton bai fi farcen babban yatsa ba, robar ta dushe, ta sha gogayya da kwalli da makullai.

Kwana huɗu ya yi a kansa. Ya ɗauki katin da kyamara sau goma sha biyu, haske ta wannan gefe, haske ta wancan, ya ɗora su kan juna yadda ya koya a wurin watanni. Ya ƙara girma har fuskar ta farfashe ta zama ƙananan akwatuna. Ya ja hasken a hankali. A kuncin hagu wani ɗigo ya fito, akwati huɗu ko biyar masu ɗan duhu. Ya ɗauki katin ya kai bakin ƙofa ya karkata shi a rana. Daidai wurin, robar tana da ɗan ƙarzo.

Malam Hafizu ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Shi ne?"

"Ko shi, ko makulli."

"To ka ɗauki ɗaya daga masu kyan nan ka mayar mata da abinta mana. Kai da ka iya cirewa, sawa za ta gagare ka?"

"A ina zan sa? Wane girma? Yana da 'yar wutsiya ko ba shi da ita? In na zana, nawa ne, Hafizu. Nan da shekara shi yarinyar nan za ta riƙa gani in ta rufe ido."

Ya buga shi yadda yake, bai taɓa ko'ina ba. Ran Juma'a Hamdiyya ta zo, ya miƙa mata a ambulan, ya gaya mata gaskiyar ɗigon. Ta zaro, ta nesanta shi da idonta, ta kusanto.

"Baba, ai ba a gane ta."

"Ba a gane ta."

"Amma haka take ɗaure fuska in baƙo ya sa mata ido." Ta yi 'yar dariya, hawaye ya biyo. "Ka ga bakin? Yanzu za ta ce wa mutumin ya yi sauri, kifinta yana kan wuta."

Ya karɓa ya duba. Kwana huɗu yana kan kunci, bai kalli bakin ba ko sau ɗaya.

"Ki tafi da shi," ya ce.

"Kai fa?"

"Zan buga wani."

Ya raka ta tasha. Motar Kiru ba ta cika ba, suka zauna a benci suna jira, ambulan ɗin a kan cinyarta, har kwandasta ya kira fasinja.